Hannu a Kafaɗar Tawfiq

A ɗakin wasan Alassani, nan Zongon Lomé, bayan masallacin masu facin taya, akwai dokar da kowa ya sani amma ba mai son a kai gare ta. Idan gardamar maguɗi ta ƙi ƙarewa, wanda ake zargi zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Sau ɗaya aka taɓa kaiwa can. Wani Muniru ne ya dafa, a kan cewa ba da gangan ya zare wayar intanet ba lokacin da ake cin garinsa. Ba a rufa wata ba tirela ta markaɗe masa ƙafa a kan babban titin arewa. Ni dai ban ce rantsuwar ce ba, don tirelolin da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa ba sa tambayar mutum ko mai gaskiya ne kafin su bi ta kansa. Amma je ka faɗi haka a Zongo ka ga wanda zai saurare ka.

Wasan da suke yi a kwamfuta na yaƙi ne. Kowa ya gina garinsa, ya saro itace, ya haƙo zinariya, ya tara mayaƙa, sannan ya je ya rusa na abokin karawarsa, duk a lokaci guda, ba mai jiran wani. Daɗin abin shi ne taswirar a duhu take. Ba ka ganin komai sai inda mutanenka suka taka. Shi ya sa leƙen allon wani ya zama babbar sata a wurinsu. 'Yan wasa suna zama ne baya da baya, kunnuwa a toshe da abin saurare. 'Yan kallo kuwa bakinsu a rufe, hannuwansu a baya kamar 'yan makaranta a layi.

Sai dokar sallah, wadda Alassani yake alfahari da ita fiye da kwamfutocinsa. Da ladan ya ɗaga murya za a tsayar da wasa, ko da takobi na kan wuyan sarkin wani. A yafa wa kowane allo zanen atamfa daga tsofaffin zannuwan matarsa, kowa ya fita masallaci. Mai gadin ɗaki a wannan lokacin Kossi ne, wani Kirista ɗan Ewe mai gyaran wayoyi a baranda, wanda bai san doki daga jirgin ruwa ba a wasan, kuma bai damu ya sani ba.

Ranar wasan ƙarshe Kossi ya tafi jana'iza Kpalimé.

Wasan tsakanin Tawfiq ne na nan Zongo da Tchakoura, wani dogon saurayi ɗan unguwar Cacavéli mai ƙarancin magana. Wanda ya ci shi zai wakilci Lomé a gasar Accra. Ɗakin ya cika har ba masaka tsinke, ga zafin damina, gumi na bin bango. A cikin 'yan kallo mace ɗaya ce, Muhsinat, ƙanwar Tawfiq, ɗalibar jami'a. Ita ma tana wasan a tsohuwar kwamfutar yayanta a gida, kuma in gaskiya za a faɗa ta fi shi karanta taswira, ko da yake ba zai taɓa yarda da haka a gaban mutane ba.

An yi nisa, ba wanda ya rinjayi wani, sai ga kiran La'asar. Alassani ya tafa hannu. Aka tsayar, aka yafa zannuwa. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige, ya tuna Kossi ba ya nan.

"To wa zai zauna mana?" in ji shi.

Muhsinat ta ce a hankali, "Ni zan zauna, Kawu."

Duk mazan ɗakin suka sunkuyar da kai lokaci guda. Kowa ya gane abin da take nufi, tana fashin sallah, kuma ba namijin da aka haifa a Zongo da zai iya ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan magana. Tchakoura ya buɗe baki. Ƙanwar abokin karawarsa ce za a bari da allonsa, yana da haƙƙin ya ƙi. Amma ta ina zai fara? Ya rufe bakinsa, ya ɗauki takalmansa. Kunya ce ta yanke hukuncin ranar, ba hankali ba, kuma haka muke, mun gwammace a yi ɓarna da a faɗi abin da ke sa ido ya kalli ƙasa.

Ta zauna a kan benci, ta juya wa kwamfutocin baya. Fankar sama tana ta kaɗawa da ƙararta ta tsufa. Can ta ji wani abu ya faɗi a bayanta, shuu, ta waiga. Zanen allon Tchakoura ne ya zame ƙasa.

Ba ta yi niyyar kallo ba. Ta tashi ne don ta mayar. Amma idon da ya saba da taswira ba ya jiran izini. Kafin ta ɗago zanen ta riga ta gani: jiragen ruwa a jere bayan wani tsibiri, arewa da garin Tawfiq, maƙare da mahaya. Ɗan sansanin da Tchakoura ya bari a fili ta kudu tarko ne kawai. Jira yake Tawfiq ya fitar da rundunarsa ta ƙofar kudu, shi kuma ya sauka ta baya ya ƙone garin.

Ta yafa zanen da sauri, ta danne gefensa da kwalbar ruwa. Gabanta na faɗuwa kamar ta ɗauki abin wani. Ta ce wa kanta ba komai, ba ta buɗe ba, kuma ba za ta faɗa ba. Ta maimaita haka har aka sallame.

Aka dawo, aka cire zannuwa, aka ci gaba. Muhsinat ta koma inda take ɗazu, daf da bayan kujerar yayanta, mutane na matsa ta ta ko'ina. Ta haɗa hannuwanta a baya ta riƙe gam. Tawfiq ya hango sansanin kudu, ya ga ba kowa a ciki sai 'yan tsirarun maharba, ya yi wani ɗan murmushi da ta sani tun suna yara, murmushin da yake yi in ya ga nama a miyar wani. Ya tattara rundunar duka. Ya buɗe ƙofar kudu. Mayaƙan suka fara fita a layi.

Ba ta san lokacin da hannunta ya kuɓuce ba. Yatsu biyu ne kawai, ta danna su a kafaɗarsa ta hagu ta janye. Haka take yi masa a gida in Babansu ya shigo tsakar gida shi kuma kunnensa na toshe. Ma'anarsa ɗaya ce tun fil azal, duba bayanka.

Linzamin kwamfutar ya tsaya a hannun Tawfiq. Bai waiga ba. Ya ɗan jima a haka, sannan ya juyo da rundunar, ya jera masu mashi a gaɓar arewa, ya dasa hasumiya. Da jiragen Tchakoura suka iso, mahayan suka sauko kai tsaye cikin tsinin masu. Sauran wasan bai ɗauki lokaci ba. Ɗakin ya ɓarke da ihu, aka ɗaga Tawfiq sama da kujerarsa. A cikin wannan cunkoso ba wanda ya ga yatsu biyu.

Tchakoura bai tashi ba. Ya cire abin kunnensa ya ajiye a hankali, ya ce a sake nuna wasan daga farko. Kwamfuta tana ajiye komai, sai aka taru ana kallo. Ga runduna ta fita ƙofa, ga ta ta tsaya cak ba dalili, ga ta ta juyo zuwa gaɓar da ba ɗan leƙen asiri ko ɗaya da ya taɓa zuwa.

"Explique-moi ça," in ji Tchakoura. "Yi mini bayani. Me ka gani a nan?"

Tawfiq ya ce, "Jikina ne ya ba ni."

"Jikinka. Bon. Jikinka ya san arewa, bai san gabas ba, bai san yamma ba?"

"Na san ka, mon frère. Kana son ruwa."

"Ban taɓa yin jirgi a ɗakin nan ba. Tambayi kowa."

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya sani. Ihun ya lafa. Tchakoura bai kalli Muhsinat ba ko sau ɗaya, amma ya ce, yana duban Alassani, "Kawu, ni ban ambaci sunan kowa ba. An bar mutum a ɗaki, c'est tout. Ita ba za a ce ta dafa ba, kun san dalili. To shi ya dafa. Ya ce ba abin da ya iso masa daga allona, ko ta baki, ko ta ido, ko ta hannu."

Muhsinat ta gane inda Tchakoura ya dosa. Bai bar ko ƙofa ɗaya ba. Kuma abin da ya hana a taɓa ta shi ne ya tura Littafin gaban yayanta.

Alassani ya share gumi da hularsa. Shi ya kafa dokar, amma tun abin Muniru yake addu'ar kada ya sake ganin ranarta. "Yara, ku ji. A sake wasan gobe. Taswira sabuwa, Kossi zai dawo. Wa ya rasa wani abu?"

Tchakoura ya gyaɗa kai. Da alama shi ma tsoron abin da ya taso yake ji. "Ni na yarda," in ji shi.

"Ni ban yarda ba," in ji Tawfiq. "Na ci. In na sake, na amsa laifi ke nan. A kawo."

Aka aika masallaci a ɗauko Alƙur'ani. Tawfiq ya ratsa mutane ya fita bayan ɗakin, inda famfo yake da butoci. Muhsinat ta bi shi. Ta same shi a tsugune yana naɗe hannun riga.

"Yaya."

"Rentre à la maison. Koma gida."

"Yaya, don Allah kada ka dafa."

"Kin yi mini magana ne? Kin ce mini wani abu?"

"Na taɓa ka."

"Mutum nawa ne suka taɓa ni a ɗakin nan? Kamar kasuwa."

"Ka san nawa daban ne."

Ya zuba ruwa ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska, ya sake komawa ya kurkure baki kamar bai yi ba. Ruwan butar na zuba a kan wandonsa, bai ma lura ba. Ganin wannan ya fi komai tsorata ta. Da a ce bai ji yatsunta ba, ko ya ji bai gane ba, da rantsuwarsa ta zama tsakaninta da Allah ita kaɗai. Amma ya sani sarai.

"Zanen ne ya faɗi," ta ce, muryarta na karyewa. "Wallahi ban buɗe ba. Fanka ce. Bari in shiga in faɗa musu, a sake wasan."

"Ki faɗa musu me? Wa zai yarda da fanka?" Ya ɗago jajayen idanu. "Kafin Isha'i duk Zongo ta ji 'yar Alhaji Audu ɓarauniya ce. A ɗauke ki a waya a watsa. Mma ta ji a kasuwa. Don ke nake yi, tu comprends? Don sunanki. Ki tafi gida kawai."

"Ka ga Muniru jiya a bakin titi?"

"Kada ki kira mini sunansa."

"Da sanda yake—"

"Na ce kada ki kira!"

Ya wanke ƙafafu, ya miƙe, ya wuce ta ba tare da ya kalle ta ba. Ta tsaya ita kaɗai a gaban famfon da bai rufe da kyau ba. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tawfiq kullum a kan babur yake, kullum a wannan titin, tsakanin tayoyin tirela masu tsayin mutum. Ta ga kanta tana jiran ƙarar babur ɗinsa kowace yamma har ƙarshen rayuwarta, in ya makara kaɗan ta ce yau ce. Ko da ba abin da ya same shi a titi, akwai inda ba a tsallakewa, kuma ita ce ta kai shi da yatsunta biyu. Ta kuma ji tsoron ɗaya gefen, na bakin mutane, wanda a Zongo ba ƙaramin abu ba ne ga budurwa. Ta auna su biyun a tsaye a wurin.

Da ta koma ciki an kashe fankar, wai don girmamawa. Ɗakin ya yi tsit. Alassani na tsaye a tsakiya, ya rungume Alƙur'anin cikin gafakarsa ta fata. Wasu samari sun ɗaga wayoyi, ya daka musu tsawa suka sauke. Waɗanda ke kusa sun ja da baya sun bar fili, kamar abin zai iya fallatsar su.

"Tawfiq, ɗana," in ji Alassani. "Accra ba ta gudu ba. Akwai baɗi."

"Buɗe, Kawu."

Tchakoura ya ce a ƙasan maƙoshi, "Laisse tomber. Na bar maka. Je ka Accra ɗin."

Da Tawfiq ya karɓi wannan da an huta. Amma ɗakin cike yake da idanu, kuma kyautar da aka ba ka a gaban jama'a don a cece ka daga rantsuwa ita ma hukunci ce. Ya girgiza kai. Alassani ya zare igiyar gafakar, ya fito da Littafin, ya ɗora a tafukansa. Tawfiq ya matso. Ya ɗaga hannun dama, ruwan alwala bai gama bushewa a kansa ba.

"Na gani!"

Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta sani tana da shi ba. Kowa ya juyo.

"Na ga allon. Fanka ta zame zanen, na je mayarwa, na ga jiragen bayan tsibiri. Ban faɗa masa da baki ba. Amma da ya fitar da runduna na danna masa kafaɗa. Kawu, rufe shi. Don girman Allah rufe shi."

Alassani ya janye Littafin zuwa ƙirjinsa da sauri kamar mai janye jariri daga gaban wuta. Hannun Tawfiq ya rage a sama ba komai a ƙarƙashinsa. Wani daga baya ya ce "Innalillahi," wani ya yi tsaki, wani ya fara cewa dama mace a ɗakin wasa, Alassani ya ce masa ya fita, kuma ya tsaya har sai da ya fita.

Sannan ya dubi Tawfiq. Kowa ya san tambayar da ta rage, kuma kowa ya so kada a yi ta.

"Ka ji hannunta?"

Yana iya cewa a'a. Littafin ya koma gafaka, ba abin da zai dafa, ba mai iya ƙaryata shi. Da ya ce a'a da laifin ya tsaya a kan ƙanwarsa ita kaɗai, a sake wasa gobe. Muhsinat ta sunkuyar da kai tana jira, kuma har ga Allah ta yarda ya faɗi hakan.

"Na ji," in ji Tawfiq.

Alassani ya ba Tchakoura wasan. Ya ce Tawfiq ba zai zauna a kujerar ɗakin ba sai bayan Babbar Sallah, Muhsinat ma haka, sannan ya ƙara da cewa shi da ya bar ta gadi ya fi su laifi. Tchakoura ya saɓa jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da Muhsinat kamar zai yi magana, sai kawai ya dafa ƙirji ya wuce. Ba wanda ya yi masa ihun nasara.

Suka fito, Tawfiq a gaba yana tura babur bai tayar ba, ita a baya. Rana ta yi ƙasa. Masu tuyar awara da doya sun fara hura wuta a bakin kwata, kuma daga irin kallon da wata ta yi musu Muhsinat ta gane labari ya riga su fitowa. Ta jira ya zage ta. Ta fi son ya zage ta da wannan shirun.

A gindin wani mangwaro kusa da masallaci ya kafe babur ɗin ya zauna a kan dakali. Ya miƙa hannun damansa yana kallo.

"Da na dafa," in ji shi.

"Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba. Na ce miki don sunanki ne." Ya sauke hannun. "Ƙarya nake. Ko tuna ki ban yi ba a lokacin. Accra kawai nake gani."

Ta zaci in ta yi magana a ɗakin tsoron zai sake ta, sai ga shi ya dawo ta wata hanya. Wannan shi ne yayan da ya koya mata Fatiha, kuma saura ƙiris ya rantse da ƙarya.

Ladan ya kira Magariba. Tawfiq ya miƙe ya nufi ƙofar masallaci, don yana da alwala. Ya cire takalmi ɗaya. Sai ya tsaya a haka, mutane na ratsa shi suna shiga. Ya mayar da takalmin, ya koma wajen butoci, ya tsuguna ya fara wata daga farko.